Kuɗin Gwamnatin Amurka na Kare Masallatai da Makarantu Daga Laifukan Ƙiyayya: Wa Ke Samu, Kuma Ta Wace Ƙofa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne ma'ajin wani masallaci na 'yan uwa Hausawa a unguwar Bronx, birnin New York. Haya muke yi a ƙasan wani bene, Asabar da Lahadi kuma yara na zuwa Islamiyya. A azumin da ya wuce an fesa mana fenti a ƙofa da zagin Musulmi, bayan mako biyu aka fasa gilashin taga. Ba mu kai ƙara ba, muka gyara da kuɗin aljihunmu. Sannan jikata 'yar shekara 12, wani yaro ya fizge mata hijabi a makarantar gwamnati. Yanzu wani ya zo ya ce gwamnati na raba kuɗi kyauta don hana irin wannan, zai karɓo mana in za mu ba shi kashi 20 cikin ɗari. Da gaske akwai kuɗin? Kuma karɓarsa ba zai jawo a riƙa sa mana ido ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba Alhaji. Allah ya kiyaye gaba, ya sanyaya zuciyar yarinyar nan.

Kuɗin akwai shi, da gaske. Na yi shekaru ina taya masallatai, coci-coci da ƙananan ƙungiyoyi cike takardun nemansa, na ga waɗanda suka samu, na ga waɗanda suka dawo hannu rabbana. Amma mutumin nan mai kashi 20, ku ba shi shayi ku sallame shi. Kowace dala ta wannan tallafi sai an kawo mata rasidi na abin da aka amince a saya, kuma abin da aka yarda a cire don ɗawainiyar gudanarwa bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo neman inda kashi 20 ya shiga, sunan da ke kan takarda za su bi, wato naka da na shugaban kwamiti. Shi yana can ya sauya lambar waya. In kuna son wanda zai rubuta muku, ku yi ciniki a kan lada tsayayye, ku biya daga asusun masallaci, a samu ko kada a samu.

Kafin kuɗi, mu fahimci abin da su suke kira laifin ƙiyayya, domin a nan mutanenmu suke ruɗewa. A dokar Amurka abu biyu ne ke haɗuwa: laifi na yau da kullum, kamar duka, barazana, ƙone-ƙone ko ɓarnata dukiya, sannan hujjar cewa an zaɓi mutumin ko wurin ne saboda launin fata, addini, ƙasar asali da makamantansu. Wanda ya wuce ka a titi ya ce ka koma ƙasarku, ya yi rashin tarbiyya, amma tsarin mulkinsu ya kare masa bakinsa. Wanda ya rubuta wannan maganar da fenti a ƙofar masallaci ya aikata laifi, kuma rubutun da kansa ne shaidar niyya. Jihar New York tana da dokarta tun shekarar 2000 da ke ƙara nauyin hukunci a irin wannan. Fentin ƙofarku ya shiga ciki sarai. Gilashin kuwa, shi kaɗai zai iya zama wasan yara, amma tunda ya biyo bayan fentin da mako biyu, a cikin azumi, duk mai bincike zai haɗa su ya duba.

Kuɗin tarayya ba aljihu ɗaya ba ne, kuma yawancin wanda ake ji a labarai ba naku ba ne. Akwai na Ma'aikatar Shari'a. Tushensa dokar da Shugaba Obama ya sa wa hannu ranar 28 ga Oktoba, 2009, mai ɗauke da sunayen mutum biyu da aka kashe a 1998: James Byrd, baƙar fata da wasu turawa uku suka ɗaure a bayan mota suka ja shi wajen mil uku a garin Jasper na jihar Texas, da Matthew Shepard, ɗalibi ɗan shekara 21 da aka lakaɗa wa duka aka ɗaure a jikin shinge a Wyoming saboda yana cikin masu neman jinsinsu. Rumfa ɗaya dokar ta kafa, mai rawani da mai hular Yahudawa da wanda ba ka yarda da rayuwarsa ba duk a ƙarƙashinta suke fakewa. Tallafin da ke ɗauke da wannan suna yana zuwa ne ga 'yan sanda da ofisoshin masu gabatar da ƙara, don horo da bincike da wayar da kai. Masallaci bai cike wannan fom, sai dai su gayyace ku a matsayin abokan aiki.

Na biyu shi ne wanda nake so ka saurara da kyau. A ranar 20 ga Mayu, 2021, Shugaba Biden ya sa hannu a wata doka da ta ƙunshi sashe mai sunan Khalid Jabara da Heather Heyer. Khalid ɗan asalin Lebanon ne, a Tulsa ta jihar Oklahoma. Maƙwabcinsu ya yi shekaru yana zaginsu da ƙazaman Larabawa, yana kiransu Musulmi, alhali iyalin Kiristoci ne. A 2015 ya take mahaifiyar Khalid da mota, aka kama shi, aka ba da belinsa, ya dawo gidansa na jikin nasu. Ranar 12 ga Agusta, 2016, Khalid ya kira 'yan sanda ya ce yana tsoron mutumin na da bindiga. Suka zo suka tafi, jim kaɗan ya harbe shi a ƙofar gida. Kotu ta same shi da laifin kisa da na ƙiyayya. To amma da hukumar binciken manyan laifuka ta tarayya, FBI, ta fitar da ƙididdigar laifukan ƙiyayya ta wannan shekarar, kisan Khalid ba ya ciki. Haka na Heather, wadda aka take da mota a garin Charlottesville tana cikin masu zanga-zangar adawa da wariyar launin fata, daidai shekara guda bayan haka, shi ma bai shiga lissafin shekararsa ba. Kisan da duniya ta gani a talabijin ke nan ya zame daga littafi, ina ga fentin ƙofar masallacin da aka goge kafin gari ya waye? Shi ya sa kuɗin wannan doka ya tafi ga gyara yadda 'yan sanda ke shigar da rahoto, da kafa layukan waya na jihohi da mutum zai kira ya faɗi abin da ya same shi.

Giɓin ba ƙarami ba ne. FBI ta lissafa laifukan ƙiyayya da ba su kai 12,000 ba a 2023, alhali binciken da Ma'aikatar Shari'a ke yi gida-gida tana tambayar mutane abin da ya faru da su yana nuna kusan 250,000 a shekara. Tsakanin lambobin nan biyu akwai masallatai irin naku da yawa. Na san dalilinmu. Wani takardunsa ba su cika ba, wani direban tasi ne ba shi da ranar ɓatawa a caji ofis, wani kuma tarbiyya ce, an koya masa baƙo ba ya ɗaga murya a garin mutane, a bar wa Allah. Barin wa Allah ibada ce, ban ja ba. Sai dai wanda ke zaune a ofis yana raba miliyoyin nan ba ya ganin haƙurinku, takarda yake gani.

Yanzu aljihun da ya shafe ku kai tsaye. Shiri ne na tsaron ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, ana kiransa NSGP a taƙaice, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, ke riƙe da shi a ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida. An fara shi a 2005, kuma gaskiya ƙungiyoyin Yahudawa ne suka yi ta zirga-zirga a majalisa har aka kafa shi, su ne kuma suka fi kowa iya nemansa, domin suna da ofisoshin da ba su da aiki sai wannan. Ban faɗa don hassada ba. Sau da yawa su ne ke buɗe horonsu ga masallatai da gidajen ibadar Sikh kyauta, kuma na ƙaru da su. Kuɗin ya yi ta hawa ne bayan kowace masifa: mutum 9 a cocin baƙar fata na Charleston a 2015, mutum 11 a majami'ar Yahudawa ta Pittsburgh a 2018. Ya kai dala miliyan 180 a 2021, miliyan 250 a 2022, miliyan 305 a 2023. A 2024 aka ware miliyan 274.5, majalisa ta ƙara wasu miliyan 400 na musamman bayan ɓarkewar yaƙin Gaza, lokacin da barazana ga masallatai da majami'u ta yi yawa. Duk da haka abin da aka nema a wannan shekarar ya kusa biliyan ɗaya, kuma waɗanda suka samu ba su kai rabi ba. Iyakar abin da wuri ɗaya ke iya nema ya daɗe a dala 150,000, daga baya aka ɗaga shi zuwa 200,000 a wasu zagayen.

Ba Washington za ku aika takarda ba. Kowace jiha tana da ofishin da ke karɓa, a New York sashen tsaron cikin gida da agajin gaggawa na jiha ne, su duba su ba da maki, su tura FEMA ta yanke. A shekarun da nake cikewa, makin wuraren ibada ana ninka shi sau uku, na makarantu da asibitoci sau biyu, kuma wanda bai taɓa samu ba ana ƙara masa maki. Ka ga a kan takarda kuna da fifiko. Masallaci ba sai yana da wasiƙar hukumar haraji ba kafin a ɗauke shi wurin ibada, amma samun ta yana rage tambayoyi. Abin da ba makawa shi ne lambar shaida daga shafin SAM.gov, kyauta ce, duk wanda ya ce ku biya shi kuɗin lambar damfara ce. New York kuma tana so ƙungiya ta wuce tantancewa a tsarin kuɗin jiha tun kafin ta nema. Nan ne ake tambayar takardar rajista, sunayen 'yan kwamiti, dokokin ƙungiya da bayanin shiga da fitar kuɗi. Wannan kan ci makonni, ƙofar neman kuwa wani lokaci 'yan makonni kaɗan take yi a buɗe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Zuciyar neman takardu biyu ne. Ɗaya rahoton duba raunin gini: ina ɓarawo ko mahari zai shigo, ina jama'a za su fita. Jami'in rigakafin laifi na caji ofis ɗin unguwarku yana yin wannan kyauta, hukumar tarayya mai kula da tsaron muhimman wurare, CISA, ita ma tana da jami'ai da fom ɗin da za ku iya bi da kanku. Ɗayar kuma ita ce takardar hujja, inda za ku bayyana barazanar da ke kanku, raunin da aka gano, abin da zai faru in an kawo hari, da abin da kowace dala za ta gyara. Dole su yi daidai da juna. In kun nemi kuɗin katanga alhali rahoton bai ambaci katanga ba, an soke.

Bari in ba ka labarin dare biyu. Wani masallaci, ba zan faɗi unguwa ba, muka zauna bayan Isha'i a kan kafet, na buɗe kwamfuta a kan benci na yara. Na ce a faɗa mini abin da ya taɓa faruwa. Baki ya buɗe. An jefo kwalba ta taga ana tarawihi, an bar saƙon zagi a wayar ofis, wani ya tsaya da mota yana ɗaukar hoton mata suna fitowa. Na ce wace rana? Aka fara gardama, wannan ya ce kafin Sallar layya, wancan ya ce bayanta. Hoto fa? Ladan ya ce shi da kansa ya share kwalbar kafin Asuba don kada yara su tsorata. Saƙon wayar an goge, wai don kada shaiɗan ya zauna a ciki. Ma'ajinsu ya tashi ya ɗauko gwangwanin biskit cike da rasidai, muka zazzage a ƙasa muna nema, muka samo na wanda ya sa gilashi, shi ma ruwan ya kusa goge kwanan watan. Da wannan rasidi ɗaya muka cike shafin barazana. Ba su samu ba. Wani wurin kuma, ƙarami ma bai kai nasu ba, wata malamar Islamiyya ce ta fito da littafin rubutu na 'yan makaranta, ta ja layi da biro: rana, lokaci, abin da ya faru, wa ya gani, lambar rahoton 'yan sanda in akwai. Abu bakwai cikin shekara biyu, da hotunan da ta tura wa kanta ta WhatsApp. Kwafewa kawai na yi. Suka samu a karon farko. Barazanar da ke kan na farko ta fi ta na biyu, ni shaida ne.

In Allah ya sa an samu, me za a saya? Kowane kwamiti da na zauna da shi kyamara yake fara ambata, kuma 'yan kwangilar kyamara sun san haka. Kyamara tana da amfani, ita ce za ta nuna fuskar mai fenti gobe. Amma ba ta tare kowa. A ranar 9 ga Oktoba, 2019, a birnin Halle na Jamus, wani ɗan bindiga ya zo majami'ar Yahudawa ranar babbar ibadarsu, mutum kusan 50 a ciki. Ya harbi ƙofar, ya sa mata abin fashewa, ƙofar katako ce mai kauri a kulle, ta ƙi buɗuwa. Ya kashe mutum biyu a waje, na ciki suka tsira. A Colleyville ta Texas kuma, Janairun 2022, malamin majami'ar da aka yi garkuwa da shi na tsawon awa kusan 11 ya jefi maharin da kujera, suka fita ta ƙofar da ke kusa da su, ya ce horon da aka ba shi ne ya yi masa rana. Ni dai jerina ƙofa da makulli ne farko, da takardar roba mai hana gilashi tarwatsewa, da fitilar waje, sai horo, kyamara ta biyo baya. Ana iya biyan masu gadi na kamfani ma, amma ku tuna tallafin wata 36 ne, in ya ƙare albashin ya dawo kanku. Bindiga da harsashi kuwa ba a sayensu da wannan kuɗi.

Akwai abin da mai duba gini Bature ba zai lura da shi ba sai kun nuna masa. Mu duka fuska ɗaya muke kallo a salla, bayanmu na ga ƙofa. A masallacin birnin Quebec na Kanada, ranar 29 ga Janairu, 2017, da aka idar da Isha'i aka kashe mutum shida, biyu daga ciki 'yan Gini ne, 'yan uwanmu na Afirka ta Yamma. Ka je ranar Juma'a ka tsaya a bakin ƙofarku ka dubi tulin takalma, ka ƙiyasta mutum ɗari biyu suna son fita a minti ɗaya. Ka leƙa ɓangaren mata, galibi ƙofa ɗaya ce, ga kekunan jarirai a hanya. Ka duba ƙofar baya, na sha tarar da ita da sarƙa da kwaɗo saboda ɓarayin asusu, mabuɗin kuma yana aljihun wanda ya tafi Kumasi biki. Gyaran waɗannan rabinsa ba ya bukatar ko sisin gwamnati.

Ga tarkon da ya fi kama mutanenmu. Ba a zuba muku kuɗin a asusu. Ku za ku kashe naku, ku kai rasidi, a mayar muku, kuma mayarwar kan ɗauki watanni. Masallacin da ba ya ɗaukar bashin ruwa dole ya shirya wannan tun wuri, ko dai 'yan kasuwar cikinku su ba da rance ba ruwa a rubuce, ko a yi aikin kashi-kashi, a karɓo na farko a zuba a na biyu kamar adashi. Sannan ko wasiƙar amincewa ta zo, kada a huda bango ko a kafa ƙusa sai an kammala wani binciken muhalli da tarihin gini da FEMA ke yi. Wanda ya yi gaggawa ya sa ƙofa kafin nan, ya sa da kuɗinsa. Ana kuma so ku nemi farashi daga 'yan kwangila fiye da ɗaya, ba ƙanin liman kawai ba. Ku da kuke haya, ku sami yardar mai ginin a rubuce, ku duba shekara nawa ta rage a yarjejeniyarku, domin tallafin na adireshin da aka rubuta ne, ba ya bin ku in kun tashi.

Kada ku tsaya ga tarayya kaɗai. Jihar New York tana da nata shirin tun 2017 na kare al'ummomi daga laifukan ƙiyayya, sashen kula da harkokin shari'ar laifuka na jiha ke tafiyar da shi, kuma kusan takardun ɗaya ne, in kun haɗa na wancan kun haɗa na wannan. Birnin ma ya buɗe ofishin rigakafin laifukan ƙiyayya a 2019, yana ba ƙungiyoyin unguwa ƙananan kuɗi na wayar da kai. 'Yan uwa da ke Ingila su ma suna da makamancinsa, a Maris 2024 gwamnatin can ta ware fam miliyan 117 na shekara huɗu don tsaron masallatai da makarantun Musulmi.

Batun sa ido kuwa, tsoronka yana da tushe, ba zan ce maka waswasi ba ne. A 2011 kamfanin dillancin labarai na AP ya tona yadda wani sashe na 'yan sandan New York ya yi shekaru yana leƙen masallatai, gidajen abinci da ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi, sai a 2014 aka rushe sashen. A farkon 2017 kuma wasu ƙungiyoyin Musulmi sun mayar da tallafin da aka ba su na shirin yaƙi da tsattsauran ra'ayi, ciki har da Ka Joog ta matasan Somaliya a Minneapolis da ta ƙi kusan dala 500,000, domin sun ga shirin yana ɗaukar 'ya'yansu a matsayin abin zargi. Wancan kuɗi ne na lura da mutanen da ke cikin masallaci. NSGP na ƙofa da taga ne, ba ya tambayar sunayen masu salla ko abin da liman ya faɗa a huɗuba, kuma hotunan kyamararku naku ne. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kowace shekara tallafin na zuwa da sharuɗɗan ma'aikata, kuma a 2025 an yi ta cece-kuce a kan sharuɗɗan da suka taɓo haɗin kai da jami'an shige da fice, har wasu majami'u da coci-coci suka ce sun haƙura da neman. Jama'arku kun san yanayinta. Ku kai sharuɗɗan shekarar da za ku nema ga lauya, ƙungiyar kare haƙƙin Musulmin Amurka, CAIR, tana da lauyoyi a New York da ke duba irin wannan, ya karanta muku layi-layi kafin kowa ya sa hannu. In sharaɗin bai kwanta muku ba, ku bi ta jiha.

Saura jikarka, wadda ita ce ta fi damuna a cikin wasiƙarka. Akwai kuɗin makarantu mai yawa. Bayan kisan mutum 17 a makarantar Parkland ta Florida a 2018 an yi dokar hana tashin hankali a makarantu, bayan na makarantar Uvalde ta Texas da na wani kanti a birnin Buffalo a 2022 aka yi wata da ta zuba dala biliyan ɗaya don inganta zaman lafiya a makarantun da suka fi bukata. FBI da kanta ta ce tsakanin 2018 da 2022 makaranta ce wuri na uku da aka fi aikata laifin ƙiyayya, bayan gida da titi. Amma wannan kuɗi hukumomin ilimi ke nema, ba iyaye ba, kuma kaso mai tsoka yana tafiya ga na'urori da ƙofofi saboda tsoron ɗan bindiga. Na'urar binciken ƙarfe ba ta ganin hannun yaron da ya miƙa ya ja ɗankwali a layin cin abinci. Abin da ke rage wannan malami ne da aka horar, wanda ba zai ce wasa ne ba, da babba guda ɗaya a makarantar da yarinya ta san za ta iya zuwa wurinsa.

Ita ba tallafi take bukata ba, haƙƙi gare ta. Jihar New York tana da dokar mutunta ɗalibai da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2012, ana kiranta DASA. Ta hana cin zarafi saboda addini da yadda ake yin addinin, hijabi ke nan. Kowace makarantar gwamnati tana da jami'in da aka naɗa don wannan doka. Ma'aikacin da ya gani ko aka gaya masa, dole ya sanar da shugaban makaranta cikin kwana ɗaya na karatu, ya rubuta rahoto cikin kwana biyu bayan nan, a yi bincike. Iyayenta su rubuta wasiƙa, ko ta imel, da rana da wuri da sunan malamin da ke kusa, su ambaci sunan dokar, su nemi amsa a rubuce. Maganar baki a bakin get iska ce. In Turanci na ba su wahala, makarantun birnin wajibi ne su samar da tafinta, kada a sa yarinyar ta fassara ƙorafin kanta. Akwai kuma ofishin kare haƙƙin jama'a na Ma'aikatar Ilimi ta tarayya, ana kai masa ƙara cikin kwana 180, amma a Maris 2025 an rufe reshensa na New York tare da wasu shida, don haka hanyar makaranta da ta jiha ta fi kusa. Ni a ganina yaro ɗan shekara 12 ba da 'yan sanda ake fara masa ba, sai in abin ya maimaitu ko ya haɗa da duka. A zaunar da shi da iyayensa, ya ji daga bakin babba abin da ya taɓa. Ita kuma a tambaye ta me take so, kada manya su yi ta shawara a kanta tana tsaye. Wasu yaran bayan irin wannan sukan fara cire hijabin a tashar bas su mayar kafin su iso gida, ba sa gaya wa kowa. Kakarta ta riƙa jan ta da hira.

Abu ɗaya game da dogaro da waɗannan kuɗaɗe: siyasa ce ke hura su. A Afrilun 2025 Ma'aikatar Shari'a ta soke tallafi sama da 350 da aka riga aka bayar, ciki har da na ƙungiyoyin da ke aikin rigakafin laifukan ƙiyayya a unguwanni, wasu suna tsakiyar aiki suka sallami ma'aikata. Ƙofar da aka riga aka kafa ba mai zuwa ya cire ta, shi ya sa nake ba ƙananan wurare shawarar su sa tallafi a abin da ake saya sau ɗaya, albashi da shirye-shirye kuma su tsaya a kan abin da jama'a ke iya ɗauka.

Fentin nan da gilashin, Baba Alhaji, lokaci bai ƙure ba. Ana karɓar rahoto ko bayan watanni. Ku je caji ofis ku biyu, kai da wani matashi mai Turanci, ku ce kuna so a rubuta shi a matsayin abin da ake zargin ƙiyayya ce ta jawo, domin a tura wa sashen da ke binciken irin waɗannan, ku karɓi lambar rahoto kafin ku fito. Wanda ya je ya zama mai cikakkun takardu, don hankalin kowa ya kwanta. Ranar Juma'a a yi sanarwa bayan salla, duk wanda ya ɗauki hoton ƙofar a wayarsa ya turo. Za ka sha mamaki, ba a rasa yaron da ya ɗauka ya tura wa abokansa kafin a goge, kuma hoton waya yana ɗauke da ranarsa. Ka nemo rasidin mai gilashi da na gwangwanin fentin da kuka saya, ka sa su a ambulan ɗaya. Sai a sayi littafi mai bango mai ƙarfi a ajiye a ofis, a damƙa shi ga mutum ɗaya, in da hali cikin malaman Islamiyya mata, domin su ne yara da iyaye mata ke gaya wa abin da ba ya kaiwa ga kunnen kwamiti.